Sanarwar da Aka Ɓoye wa Afrah

Shafi na 23

Da sunan Allah Mai rahama.

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma Maryam Nana, na ga masifar da kika zazzage wa Baffa a ƙarƙashin shafin da ya wuce. Ki rage saura, don yau ma za ki nema.

* * *

An sauko daga masallacin Juma'a ke nan. Gidan marigayi Malam Aƙilu da ke Nassarawa GRA ya ɗan lafa, masu gaisuwar mutuwa sun ja baya, sai tabarmi da butoci a gindin mangwaro da ba a kai ga kwashewa ba.

A ɗakin Umma, wato Hajiya Ma'u matar marigayin, shiru ne kamar ba kowa. Tana kan dadduma cikin takaba, carbi a hannu. Autarta Nabiha na zaune a ƙasa ta jingina da gado, kwamfuta a cinya, idon nan ya yi luhu-luhu.

Ba kukan rashin uba kaɗai ke cin yarinyar nan ba. Yayarta Afrah tana kwance a wani asibiti a Dubai da tsohon ciki, cikin da aka samu bayan ɓari a kan ɓari, ga hawan jini ya sako ta gaba. Likitoci sun ja wa mijinta Usaid kunne, har a ciro abin da ke cikinta a makon gobe kada wani tashin hankali ya kusance ta. In ba haka ba ana iya rasa ta, a rasa ɗan.

Shi ya sa har yau Afrah ba ta san Abbanta ya rasu ba.

Usaid ya canza mata waya da layi, ya ce tsohuwar ce ta faɗa ruwa. Lambobin 'yan gida kawai ya zuba mata. An ce mata mura ce ta shaƙe wa Abba murya, likita ya hana shi waya. Ƙofa ɗaya ta rage, shafin yanar gizon makarantar Malam ta Giginyu, inda yake rubuta nasiha duk Juma'a. Afrah ko abinci ta fasa ba ta fasa karanta nasihar nan. Makaranta kuma dole ta sa sanarwar rasuwa saboda iyayen yara.

Nabiha ce ta gina shafin, ita ce kuma ta samo dabara. Ta kafa masa doka. Duk wanda ya shigo daga Dubai, a nuna masa tsohuwar fuskar shafin, Malam yana murmushi da farar hularsa. Wanda kuma ya shigo daga ko'ina ban da Dubai, a nuna masa sanarwar. Dabarar ta yi aiki, ba mai cewa ba ta yi ba.

Sai ga wayar Nabiha ta ɗauki ruri.

Ta duba. Yaya Afrah.

Har ta kai yatsa za ta ɗauka, ta tsaya cak. Kiran WhatsApp ne. Tun tafiyarsu Dubai ba su taɓa kira ta WhatsApp ba, can ba ya shiga. Kullum ta layin Usaid ake magana, shi ma yana tsaye a kanta.

Ta ɗauka ta sa a sifika.

"Salamu alaikum, Yaya."

"Amin wa alaikumus salam, auta! Kai, ji muryarki tar, kamar kina bakin gadon nan!"

"Ya jikin? Yaya... ta yaya kika kira?"

"Na waye mana." Afrah ta yi dariya. "Wata baiwar Allah na haɗu da ita a wajen awo, 'yar Sakkwato, Safina. Ta ga ina ƙorafin ba na samun ku yadda nake so, ta karɓi wayata ta saka min wani abu, VPN ne ko me. Ta ce in na kunna shi wayar sai ta yi kamar ba a Dubai take ba. Kin san inda nake yanzu?"

"Ina?"

"Jamus! Ni da ko banɗaki sai an riƙe ni, wai ina Jamus."

Wata zufa ta karyo wa Nabiha tun daga tsakar kai. Dokar da ta kafa Dubai kawai ta sani. Wanda ya shigo daga Jamus, sanarwar rasuwa ce za ta tarye shi, da hoton Abba da baƙin rubutu a ƙasa.

"Ina Yaya Usaid?"

"Na aike shi neman abinci mai yaji. Na gaji da abincin mutanen nan, ba gishiri ba magi, kamar ana hora ni."

"Kin... kin buɗe shafin makaranta yau?"

"Tukuna. Cewa na yi in fara jin muryar Umma, sannan in karanta mata nasihar Abba ta yau da bakina. Tunda shi murya ta ƙi, ni sai in ara masa tawa. Tana kusa?"

Carbin hannun Umma ya tsaya.

"Tana... tana nafila," in ji Nabiha. "Yaya, riƙe layin, yanzu za ta sallame. Amma don Allah kar ki taɓa komai a wayar, abin nan in kin fita daga kira yankewa yake."

"Au, haka yake? To ina jira."

Nabiha ta danna wurin toshe magana. Yanzu su suna jin Afrah, ita ba ta jin su. Ana jiyo ta tana gyara kwanciya, tana 'yar waƙar da Abba yake musu suna yara in za a tafi islamiyya.

Da hannu ɗaya Nabiha ta jawo wayar Umma ta kira Usaid. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira. Shiru.

"Nabiha."

Ta ɗago. Umma ta juyo gaba ɗaya daga alƙibla tana kallonta.

"Wace nasiha ce ta yau?"

"Umma, don Allah bari in fara..."

"Tambayarki nake. Wace nasiha yayarki za ta karanta min ta yau?"

Kafin ta amsa aka yi sallama a ƙofa. Baffa ne, Alhaji Bashir, ƙanen Malam, wanda komai na gidan ya koma hannunsa tun ranar rasuwar. Daga masallaci yake, babbar riga a kafaɗa, ƙamshin turare na bin sa. Ya tsaya daga bakin ƙofa zai gaisa da Umma, sai ya ji waƙar da ke fitowa daga waya.

"Wa nake ji kamar Afrah?"

"Ita ce, Baffa. Ba ta jin mu." Nabiha ta zayyana masa abin da ya faru a gurguje.

Baffa ya dafe ƙofa. "Innalillahi! Wace 'yar shisshigi ce wannan? Wa ya aike ta?"

"Taimako ta yi niyya, Baffa."

"To me kike jira? Ki ƙara Jamus a cikin dokar mana!"

"Ba ya zama wuri ɗaya. Yanzu Jamus, anjima in ta kashe ta kunna ya jefa ta Faransa ko Amurka. Ban san inda zan tare ta ba."

"Bashir."

Muryar Umma ce, a ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya san Hajiya Ma'u ya san in ta yi ƙasa da murya haka, gara ta ɗaga ta.

"Na tambayi yarinyar nan ta ƙi ba ni amsa. Kai ka ba ni. Malam yana kabari. Wa ya rubuta nasihar yau?"

Baffa ya gyara zaman babbar rigarsa, ya kalli Nabiha. Nabiha ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan madannan kwamfuta.

"Ni na sa ta," ya ce. "Hajiya, ki fahimce ni. Afrah ta san Yaya Malam ko a gadon asibiti yake ba ya fasa nasihar Juma'a. In ta buɗe ta ga babu sabuwa, me kike zato za ta yi tunani? Shi ne na ce Nabiha ta saurari tsofaffin karatunsa da aka ɗauka, ta ciro wani abu ta rubuta, a sa kwanan watan yau. Afrah kaɗai ke gani, ba wanda ya sani."

"Ni ma ban sani ba."

"Ba mu so mu ƙara miki..."

"Mutumin da ya riga mu gidan gaskiya kuke sa wa magana a baki?"

"Maganarsa ce, Hajiya! Wallahi ko harafi ba mu ƙirƙira ba!"

"Kwanan watan fa? Shi ma nasa ne?"



Daga waya Afrah ta ce, "Auta? Nafilar nan ta Umma raka'a nawa ce?" Ta yi 'yar dariya ta ci gaba da waƙarta.

Umma ta runtse ido har muryar ta lafa, sannan ta buɗe.

"Da kuka ce a yi shiru, na yi shiru. Ina cikin wannan hali Afrah ta kira, in haɗiye kukana in ce mata lafiya lau muke. Na ɗauka don ranta ne. Amma shiru daban, wannan daban. Mutumin nan tunda nake da shi ko da wasa ban ji ya yi wa yaro ƙarya ba. Yau kuma da sunansa za a yi wa 'yarsa?" Ta juya ga Nabiha. "Ke kuma kika zauna kina sauraron muryar ubanki kina kwaikwayon rubutunsa, ke kaɗai, ba ki gaya min ba?"

Nabiha ta fashe da kuka. "Umma, wallahi ban so ba. Duk sanda na kunna muryarsa sai na..."

"Ba lokacin wannan ba ne!" Baffa ya daka tsawa, har ya manta a ɗakin wa yake. "Hajiya, ki yi min duk faɗan da za ki yi anjima, na yarda, ni ne mai laifi. Amma yanzu yarinyar can yatsa ɗaya ya rage tsakaninta da hoton gawar... da sanarwar ubanta. Ita kaɗai a ɗaki, mijinta ba ya nan. Kin fi so mu sake shimfiɗa tabarmin can na waje? Na mutum biyu wannan karon?"

Jama'a, maganar nan ta yi nauyi. Ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye waya na yi ajiyar zuciya. Amma ku faɗa min tsakani da Allah, ƙarya ya yi?

Umma ta kalli wayar da ke ƙasa, ta daɗe tana kallonta.

"Ku yi abin da za ku yi," ta ce. "Amma ni kar wanda ya sa ni faɗin abin da ba shi ne ba. Bakina ba zai iya ba."

"Ba sai kin ce komai ba, ni zan amsa duk abin da ya shafi Yaya." Baffa ya durƙusa kusa da Nabiha, gwiwarsa har tana ƙara. "Ke kuma share hawayen nan. Ba yadda za a yi?"

Nabiha ta goge fuska da gefen hijabinta. Ta ƙura wa kwamfutar ido.

"Sai dai in juya dokar."

"Kamar yaya?"

"Maimakon a ce Dubai kaɗai ake ɓoye wa, sai a ce Najeriya kaɗai ake nuna wa sanarwar. Duk wanda ya shigo daga wata ƙasa, kowace ce, ya ga tsohuwar fuskar da nasihar yau. Ko ina abin nan ya jefa ta, ba za ta gani ba."

"Iyayen yara fa?"

"Suna nan Kano ai, su za su ci gaba da ganin sanarwar."

"Allah Ya yi miki albarka! Yi maza!"

Nabiha ta shiga wurin dokokin. Ta goge Dubai. Ta juya sharaɗin. Ta zaɓi Najeriya. Ta danna adanawa, abin ya tsaya yana juyawa, yana juyawa.

"Auta, ni fa na gaji da jira," in ji Afrah. "Bari in ɗan leƙa shafin kafin Umma ta idar, in ya yanke na sake kira."

"Wayyo Allah!" Nabiha ta wawuri wayar ta buɗe magana. "Yaya! Ga Umma, ga ta nan ta sallame!"

Ta tura wayar gaban dadduma. Idonta ɗaya na kan kwamfuta. Abin ya juya, ya juya, sannan koren rubutu ya fito. An adana.

Ta ɗaga wa Baffa kai. Baffa ya zauna daɓas a kan kafet, ya cire hula yana fifita da ita.

"Umma! Ina wuni?"

"Lafiya ƙalau. Ya jikin naki?"

"Da sauƙi sosai, Umma. Yau ma likita ya ce jinin ya sauka, in ya ci gaba a haka ba matsala. Ƙafafun ne dai kamar an hura balan-balan. Umma, muryarki fa? Ko ke ma murar Abba ce ta kama ki?"

"Gajiya ce."

"Ki dinga hutawa don Allah. Ya jikin Abban?"

Umma ta sa gefen mayafi ta toshe bakinta.

"Da sauƙi, Afrah!" Baffa ya cafe. "Baffanki ne. Yanzu muka dawo daga masallaci, ya ɗan kishingiɗa."

"Laa, Baffa, ashe kana nan! Ina wuni? To kar a tashe shi. Amma ka gaya masa na ce ya yi ta shan zuma da citta, don ni ba zan yarda ba. In namiji ne sunansa za a sa, kuma shi zai yi masa huɗuba da bakinsa, ko da raɗa ne."

"In sha Allahu," in ji Baffa.

Hira ta ɗan miƙe. Afrah ta tambayi mangwaron gida ko ya fara nuna, ta tambayi ɗinkin kayan jariri da ta bar wa tela a Badawa, ta ba da labarin wata nas da ke ƙoƙarin koyon "sannu" ta kasa. Ita ke zuba, su suna bin ta da "to" da "Allah sarki". Nabiha ta ji numfashinta ya fara dawowa daidai. Ta sake gwada lambar Usaid, har yanzu ba a ɗauka ba.

"To bari in gwada buɗewa," in ji Afrah. "Auta ta ce zai yanke, mu gani... A'a, ga shi bai yanke ba! Auta, ashe ke ma ba komai kika sani ba. Ga Abbana nan da hularsa. Umma, kin shirya?"

"Ina ji."

Afrah ta gyara murya, ta kwaikwayi yadda Abba yake jan magana.

"Ya ku 'ya'yana. Na lura da wani abu a bakin ƙofar makaranta. Yaro zai wuce mai gadi ko kallo bai ishe shi ba, ya zo ofishina ya zube har ƙasa yana gaishe ni. To ku sani, wanda bai gaida mai gadi ba, ni ma bai gaishe ni ba, kujerata ya gaisar..." Ta kwashe da dariya. "Abba ke nan! Wallahi kamar ina ganinsa."

Hawaye na bin fuskar Umma, ko motsi ba ta yi.

A daidai nan wayar Baffa ta yi ƙara a aljihu. Ya zaro da sauri zai kashe, sai ya ga lambar Saudiyya. Ya miƙe ya matsa bakin ƙofa, ya kara a kunne yana magana ciki-ciki.

"Na'am... Wa? Ɗahiru na Madina? ... Amin, amin, mun gode... Me ka ce?"

Nabiha ta ga fuskarsa ta canza.

"Wace wasiyya? ... A'a, ba... Ka tura ina?"

Ya sauke wayar a hankali. Ya yafito Nabiha da hannu. Ta rarrafa ta isa wurinsa, Afrah na can tana ci gaba da karatu.

"Tsohon ɗalibin Yaya ne da ke karatu a Madina," ya raɗa mata. "Wai ya buɗe shafin kamar yadda ya saba duk Juma'a, ya ga sanarwa ta ɓace, ga sabuwar nasiha da kwanan watan yau. Ya ɗauka rubutun ƙarshe ne Yaya ya bari aka fitar. Wai har ya tura wa zauren tsofaffin ɗalibai na ƙasashen waje. Na Misira, na Sudan, na Malesiya, duk suna ciki."



Ɗaliban waje! Ita Nabiha iyayen yara na Kano kawai ta tuna. Ta manta Abba ya yaye ɗalibai sun watsu a duniya, kuma dokar da ta juya ta tura su duka shafi ɗaya da Afrah.

"To ai ba komai," Baffa ya ce yana neman kwantar wa kansa hankali. "Su karanta mana. Ba za su ga juna ba ai, ko?"

"Wurin sharhi, Baffa."

"Me?"

"Ƙarƙashin kowace nasiha akwai wurin da mutane ke rubutu. Da Yaya Afrah kaɗai ke ganin shafin, ban damu in rufe ba."

Ku da kuke karatun nan kun san halinmu. Wa zai ga rubutun mamaci ya wuce bai yi masa addu'a ba?

Nabiha ta yi tsalle ta koma kan kwamfuta. Ta buɗe shafin, sanarwar rasuwa ta fito mata. Ita a Najeriya take, dokar da ta kafa da hannunta ta hana ta ganin abin da Afrah ke gani. Ta koma ta ƙofar masu kula da shafi, ta yi kuskuren lambar sirri, ta sake bugawa.

"...saboda haka gobe ina bakin ƙofa, zan ga mai wucewa," Afrah ta karanta. "Allah Ya yi muku albarka. Shi ke nan. Umma, kin ji ɗan gajere ya yi yau, jikin ne."

Nabiha ta samu ta shiga. Sharhi na shigowa a idonta, ɗaya na bin ɗaya, daga Madina, daga Alƙahira, daga Khartum. Ta nemi wurin rufewa, ta danna. Abin ya fara juyawa.

"Afrah," Baffa ya ce da ƙarfi, "ajiye wayar nan haka ki huta, likita ya ce..."

"Yanzu, Baffa. Ikon Allah, yau har da masu sharhi da yawa haka? Da ba kowa fa. Bari in karanto wa Umma, ta ji yadda ake son mijinta."

"Yaya, kar ki..."

"Wani Ɗahiru daga Madina ya ce, Allahu Akbar, har ƙarshe Malam yana karantar da mu. Allah Ya..."



Koren rubutu ya fito a kwamfutar Nabiha. An rufe sharhi. Amma abin da ya riga ya buɗe a wayar Afrah yana nan a gabanta, ba mai iya goge shi daga Kano.

Ba abin da ake ji sai numfashinta.

"Allah Ya jiƙan Malam," ta karanta a hankali, kamar mai koyon haɗa baƙi. "Allah Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba iyalansa haƙuri. Allah Ya sa... Wannan ma. Wannan ma haka."

"Afrah, saurare ni," in ji Baffa. "Kuskure ne. Wani malamin ne a makarantar, yaran nan suka ɗauka..."

"Baffa, tashe shi."

"Na ce miki ya kishingiɗa..."

"Ka tashe shi. Ba sai ya yi magana ba. Ka kai wayar kusa da shi ya yi tari kawai, na san tarin Abbana."

Ba wanda ya motsa.

"Nabiha, kunna min bidiyo."

Nabiha ta cusa hijabi a baki, kukan na fita ta hanci.

Wata na'ura a can ɗakin asibitin ta fara ƙara, ɗif, ɗif, ɗif, tana ƙara sauri.

"Umma." Muryar ta koma ta ƙaramar yarinya. "Umma, su bar su. Ke ba kya min ƙarya. Ina Abbana?"

Baffa ya haɗa hannu biyu yana roƙon Umma da ido, yana girgiza kai. Nabiha ta riƙe ƙafarta.

Umma ta kalli Baffa. Ta kalli wayar. Ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. "Ki yi haƙuri, 'yata."

Ba su ji kuka ba. Ba su ji salati ba.

Ƙarar faɗuwar waya suka ji a kan tayil, sai na'urar nan da ta daina ɗif-ɗif ta koma ihu, sai gudun takalma, sai wata murya da ba su sani ba tana ƙwala wa likita kira.

"Yaya! Yaya Afrah! Ki yi magana!"

Kiran ya yanke.